Sunan Mai Rijiya

Mahaifina Yari ya yi shekara saba'in da shida a duniya bai taɓa taka Birnin Kebbi ba, alhali daga ƙofar gidanmu a Argungu zuwa can bai fi tafiyar awa guda a mota ba. Ya je Sakkwato ba sau ɗaya ba, ya je Kamba, har Doso ta cikin Nijar ya kai busasshen kifi yana saurayi. Amma in tafiya ta nufi Birnin Kebbi, sai ya ce a aiki wani.

Dalilin ya girme shi. Mu Kabawa ne. Bayan an bar Surame, garin da Kanta ya gina, Birnin Kebbi ce ta zama babban birnin ƙasar Kabi, ta yi kusan shekara ɗari a haka, har lokacin jihadi da aka ci garin da yaƙi. Waɗansu Kabawa suka zauna, waɗansu suka fita suka yi ta fama cikin fadama da daji, daga baya suka kafu a Argungu. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka fita. Gaba tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kwanta ba sai bayan zuwan Turawa. Baba ya tashi a hannun kakarsa Riskuwa, wadda ta rasa 'yan'uwanta maza biyu a waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma ita ce ta gaya masa cewa gidanmu ba a shan ruwan Birnin Kebbi. Ba rantsuwa aka yi ba. Tsohuwa ce ta faɗa, yaro ya riƙe har ya yi furfura.

Ni Laure ni ce autarsa. Da na gama kwalejin horon malamai aka tura ni koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi. Mijina Usmanu malamin gona ne, shi ma can aka ajiye shi. Ranar da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Aikin gwamnati na. Inda anka tura ki, nan za ki. Allah shi tsare." Bai hana ni ba, bai kuma taɓa zuwa ganin ɗakina ba.

Lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi kuwa ƙaramin gari ne shiru-shiru. Titin kwalta ɗaya ko biyu, kasuwa, fadar Sarkin Gwandu, asibiti, sai sabuwar kwalejin fasaha a bakin gari. Takardar hutu, takardar ƙarin girma, har alli in ya ƙare mana, sai an jira Sakkwato. Garin yana zaune bisa tudu. In ka ratsa tsofaffin shiyoyi ka nufi wajen gulbi, sai ƙasa ta gangara, fadama ta buɗe a gabanka har iyakar ganinka. 'Yan ajina sun iya zana ƙasashen Turai da kogunansu, amma in na ce musu garin nan da suke zaune ya taɓa juya ƙasa mai faɗi, sai su dubi juna su yi dariya.

Yanar ido ta fara kama Baba kaɗan-kaɗan, kafin shekarar 1986 ta rufe duka biyun. Haske da duhu kawai yake bambantawa. Ya daina ɗinkin tarun kamun kifi, ya daina zuwa gonar shinkafarsa, masallaci ma sai ya bi katanga da hannu. Ƙarshen daminar wannan shekara aka yi shela cewa likitocin ido za su sauka babban asibitin Birnin Kebbi, su yi sati uku suna aiki. Ranar Asabar na shiga mota na tafi gida.

"Ba ni zuwa," in ji Baba. "A kai ni Sakkwato."

"Baba, ba Sakkwato za su sauka ba. Birnin Kebbi za su, in sun gama su koma."

"To su koma lahiya. Abin da nig gani duniya ya ishe ni."

Mahaifiyata Asiya tana gefe tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Maigida, Adama ɗiyar Laure shekararta ukku. Ka san kamanninta? Kullum sai dai ka shafa mata huska kamar mai zaɓen ƙwarya kasuwa. Kowa na cewa da kai taka kama, kai kaɗai ba ka gani ba."

Washegari da safe, ina shirin komawa, Baba ya kira ni ya ce a nemo masa babbar jarka a cika ta da ruwan gida. Da ita zai tafi, shi ne sharaɗinsa.

Haka muka shiga mota, jarka tsakanin ƙafafunsa. Duk garin da muka tsaya sai ya tambaya ina ne nan. Da aka ce Ambursa ya gyaɗa kai, ya ce sunan na cikin labaran Riskuwa. Da direba ya ce mun iso Birnin Kebbi, sai na ji ya yi bisimilla a hankali, kamar mai shiga ruwan da bai san zurfinsa ba.

An yi masa aiki a idon dama ranar Talata. Ya kwana uku a asibiti, aka sallame shi da ido a naɗe, aka ce kada ya sunkuya, kada ya ɗauki abu mai nauyi, a dawo da shi bayan kwana goma. Na kawo shi gidanmu, a wata tsohuwar shiya da ba ta da nisa da gangaren fadama.

Ruwan jarka ya ƙare a kwana na biyar. Usmanu ya hau babur ya je Argungu ya cika ta ya dawo. Da ta sake yin ƙasa, haƙurina ya gaza.

"Baba, ka san daga ina ruwan famfon garin nan yake zuwa?"

"Ina ruwana."

"Daga gulbi ake jawo shi. Gulbin nan kuwa sai ya wuce Argungu kafin ya iso nan. Ruwan da kuka yi wanka a ciki, kuka wanke taru, shi mutanen garin nan ke sha bayan kwana biyu."

Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi, yana dafe da idon da aka naɗe don kada ya girgiza.

"Ashe sauranmu suka sha," in ji shi. "To ɗebo mini na famfon. Ruwanmu na, shi yab biyo ni. Amma ban da na rijiya, Laure. Wanga na ƙasassu na."

Gidan da muke ciki na Malam Abdussamadu ne, limamin masallacin shiyarmu. Siririn mutum ne mai kimanin shekara sittin, manya ke ɗaukar karatun littattafai a zauren babban gidansu da ke ƙasa da namu kaɗan. Kowa ya san kakanninsa tare da masu jihadi suka shigo garin. Tun ranar da aka sallamo Baba ya zo dubiya, ya durƙusa gefen tabarma.

"Sannu Baba. Ya ƙarhin jiki? Allah shi sa kaffara ta, shi maido da gani."

"Amin," in ji Baba, bai ƙara ba.

Da ya fita Baba ya tambaye ni, "Wane na wanga?"

"Limaminmu ne."

"Bahillace na?"

"E, Baba."

"Na ji ga murya."

Malam bai fasa zuwa ba. Kullum da hantsi sai ya leƙo. Rana ta biyu ya zo da fura a ƙwarya, Baba ya yi godiya ya ce a ajiye, ba a sha ba. Malam ya ga ƙwaryar, ya ga jarkar da ke jingine a bango, bai tambayi kowa ba. Daga ranar sai ya riƙa kawo dabino da goro. Wannan Baba ya lura da shi, don da yamma ya ce mini, "Mutumin ga na da hankali." Sannu a hankali gaisuwa ta ƙara tsawo. Suka taɓa zancen ruwan bana, da tsuntsayen da ke cin shinkafa, da tsadar taki.

Ranar wata Asabar ina zaune bakin ƙofa ina duba littattafan 'yan aji, su biyu suna inuwa, sai na ji Baba ya ce, "Malam, gulbi na ta wane gehe?"

"Bayanka, Baba, in ka gangara."

Baba ya juya fuskarsa ya ɗaga hannu, kamar yana nuna abin da yake gani.

"To in mutum ya hito jirgi ya hau tudu, ƙaramar ƙofa zai shiga, wadda jaki ba ya wucewa sai an sauke mai kaya. Shi bar marina hannun dama. Shi wuce maƙera, zai ji su tun bai gan su ba. Sai kukoki ukku jere. Bayan ta tsakiya akwai rijiya. Bakinta jan dutse na, bisa jakai anka ɗauko shi daga tudun bakin gulbi. Igiya ta ci dutsen wuri biyar. Gehen gabas an sassaƙa kihi."

Na sha jin wannan lissafi tun ina ƙarama. Baba yakan yi shi yana ɗinkin taru, mu kuwa mun ɗauke shi kamar waƙar tsofaffi, ba mu taɓa saurara ba. Amma Malam Abdussamadu ya ajiye carbinsa.

"Wa yag gaya maka wanga, Baba?"

"Riskuwa, kakata. Ita ma ba ta gani ba, ubanta yag gaya mata. Shi ya hita garin ga shina ɗan shekara bakwai, riƙe da zanen uwatai. Ubanshi shi yag gina rijiyar."

"Mi as sunanshi?"

"Tamba."

"Tamba," Malam ya maimaita, ya sake maimaitawa. Da zai tashi ya ce, "Ranar da anka kwance maka ido, in Allah ya yarda, ina son ka ba ni la'asar ɗinka. Akwai inda za mu."

Ranar Litinin aka kwance. Likita ya goge idon, ya haska, ya ce aiki ya yi kyau, sannan ya ɗora wa Baba wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi hannunsa, ya juya shi. Ya dube ni ya ce, "Laure, kin yi ƙiba." Sai na turo Adama gabansa. Ya kama kafaɗunta ya jawo ta kusa, ya daɗe yana kallo, ita kuwa tana ƙoƙarin taɓa tabarau.

"Ba ni taka kama ba," ya ce. "Riskuwa ta. Goshin ga nata na. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

Bayan la'asar Malam ya zo. Muka fita mu uku, Baba a tsakiya yana taka ƙasa a hankali, don tabarau ɗin yana sa kome ya matso kusa da shi. Malam ya ce daga bakin tudu za mu fara, yadda lissafin ya fara.

Da muka isa inda ƙasa ta gangara, Baba ya tsaya cak. Fadama ce shimfiɗe, shinkafa ta fara nuna, wani wuri kore wani wuri ruwan ɗorawa, ruwa yana ƙyalli a tsakani, balbelu sun yi fari a bayan shanu. Can nesa wani mutum yana tura jirgi da gora. Shekara huɗu rabon Baba da ganin launi.

"Riskuwa tac ce ruwa na zuwa har gindin tudun ga," ya ce daga baya.

"In an yi babban ruwa shina zuwa," in ji Malam. "Amma gulbin kanshi ya ja baya tun zamanin kakana."

Na ce gulbi in yana tafiya cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya zama wuri ɗaya, yakan ci wannan gaɓa ya zubar a waccan, har ya bar tsohuwar hanyarsa ta zama tafki.

"Malama ta hwaɗi," in ji Baba, suka yi mini dariya su biyu.

Ƙaramar ƙofar babu ita. Abin da ya rage na ganuwa a wajen wani dogon tudun ƙasa ne da magina suka ciccinye suna ɗibar ƙasar gini. Marina ta zama filin wasan wata makarantar firamare, amma Malam ya kai mu wani gefe ya share ƙasa da takalminsa, sai ga bakin karofi, wato ramin rini, ya fito, da baƙin toka a jikinsa. Muka ci gaba cikin lungu. Ba mu yi nisa ba Baba ya ɗaga hannu ya ce mu tsaya. Ƙarar ƙarfe ce, ana bugu ana amsawa.

"Suna nan!" ya ce. "Maƙera na nan inda tac ce!"

Ya shiga rumfar ya gaisa da su kamar waɗanda ya sani, su kuwa suka ga tsagen Kabawa a fuskarsa suka ba shi kujera. Da ƙyar muka fito da shi.

Kuka ɗaya ce ta rage cikin ukun. Bayanta kuwa katangar babban gidan su Malam ce, ta taho miƙe, sai ta lanƙwasa ciki ta bar wani ɗan fili a waje, ta sake komawa kan layinta. A tsakiyar filin rijiya take. Na san ta. Rijiyar Malamai ake ce mata, in famfo ya ɗauke daga nan 'yan garuwa ke kawo mana ruwa. Shekara uku ina shan ruwanta, ban taɓa tsayawa na dubi bakinta ba.

Jan dutse ne. Baba ya zauna a gefensa, tun da an hana shi sunkuyo, ya bi shi da yatsa yana ƙirga inda igiya ta ci.

"Tara," ya ce.

"Huɗun namu na," in ji Malam.

Baba ya zagaya gefen gabas. Sassaƙar tana nan, ta shafe sosai, amma ana ganin jiki mai tsini da 'yar wutsiya.

"Ashe kihi na," in ji Malam. "Mu tun muna yara ganye muka ce mai."

Daga nan ya ja mu zauren gidan, ya shimfiɗa wa Baba buzu. Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar gafaka ta fata, ya zaro takardu waɗanda suka yi ja don tsufa, ya yi ta buɗawa a hankali har ya kai wadda yake nema. A gefen karatun akwai wani ɗan rubutu da ya sha bamban da sauran.

"Wanga hannun kakan kakana na, Malam Atiku," ya ce. "Bayan an ci garin, shi anka ba gidan ga. Ga abin da yar rubuta." Ya karanta da Larabci, sannan ya fassara: "Na iske rijiya cikin wannan gida, ban san wanda ya gina ta ba. Ya bar guga da sabuwar igiya a bakinta. Ba tawa ba ce, don haka na mai da katanga baya, kowa ya sha. Duk wanda ya sha daga zuriyata, ya roƙa wa mai ita gafara."

Ya ajiye takardar bisa gwiwarsa.

"Tun daga lokacin, Baba, duk Jumu'a in an ƙare karatu zauren ga, sai an ce Allah shi gafarta ma mai rijiya. Ubana ya yi, kakana ya yi. Duk shekara kahin ruwa shi sauka muna yashe ta. Ina yaro na tambayi ubana, wane na mai rijiya? Yac ce Allah ya san shi. Shekara ɗari da tamanin muna roƙo ba mu san suna ba, sai da kaz zo."

Baba ya cire tabarau, ya tuna ba ya gani in babu shi, ya mayar. Na zaci godiya zai yi. Sai ya ce, "Kun dai kore shi."

Malam bai kau da kai ba.

"An kore shi, Baba. Wanga ba ni iya gyara shi."

"Bai kai Argungu ba. Cikin fadama yam mutu, damana ta biyu. Jikokinai biyu kuma yaƙi ya ci su."

"Allah shi jiƙansu. Mu ma ƙanen kakana ya tahi yaƙin Argungu bai dawo ba. Har uwatai tam mutu tana aje mai tuwo. Ba mu san inda anka ruhe shi ba."

Daga waje ana jin ƙarar guga, wata mata tana ɗiban ruwa.

"Mi as sunanshi?" in ji Baba.

"Abu."

"Allah shi jiƙan Abu," Baba ya ce. "Shi gafarta mai."

Malam ya shafa. Sannan ya jawo tawada da alƙalami, ya nemi izinin Baba, ya rubuta a ƙarƙashin rubutun Malam Atiku cewa sunan mai rijiya Tamba, an ji haka daga bakin Yari na Argungu, jikan jikanyarsa. Ya tambayi sunan mahaifin Tamba, Baba ya ce wannan ya ɓace, Riskuwa ma ba ta sani ba. Malam ya hura rubutun har ya bushe, ya miƙa wa Baba. Baba bai iya karatun ba, amma ya sa aka nuna masa inda sunan yake, ya daɗe yana dubansa.

Da muka fito, ya tsaya bakin rijiya ya ce, "Laure, ara mini gugan baiwar Allah ga."

Ni na jawo ruwan. Matar ta ba mu ƙoƙo, ya yi bisimilla ya kurɓa, ya tsaya yana juya shi a baki.

"Da ɗan zartsi," ya ce. "Riskuwa tac ce ya hi nono daɗi."

"Ba ta sha ba, Baba," in ji Malam, yana murmushi.

"Ba ta sha ba," Baba ya yarda. Ya shanye sauran, ya miƙo ƙoƙon a ƙara masa.

Ranar Jumu'a Usmanu ya raka shi zauren bayan an sauko daga masallaci. Ni ban je ba, shi ya ba ni labari. Ya ce da aka ƙare karatu Malam ya yi addu'o'in da aka saba, da ya zo wajen ya ce, "Allah shi gafarta ma Tamba mai rijiya," sai dattawan da ke wurin suka ɗaga kai suna duban juna. Malam ya nuna Baba ya gaya musu ko shi wane ne. Suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu. Wani tsoho ya ce shekara saba'in yana alwala da ruwan nan, yau ya san wanda zai gode wa. Usmanu ya ce hawaye na bin tsagen fuskar Baba ta ƙarƙashin tabarau, shi kuwa yana ta faɗin likita ya ce idon zai riƙa yin ruwa.

An yi masa idon hagu kwana biyu kafin likitocin su tashi, ya ƙara sati biyu a wurinmu. Kullum da hantsi shi ke takawa zuwa zauren Malam, daga can ya wuce rumfar maƙera, har suka ƙera masa sabon lauje. Ranar da zai koma gida ya riƙe hannun Malam ya ce, "Na zo garinku, na ci na sha. Saura kai. In an fara yankan shinkahwa ina jiranka."

Malam ya cika alkawari. Wata Asabar cikin watan Disamba muka tafi tare, ashe shi ma bai taɓa kwana a Argungu ba, wucewa kawai yake yi a hanyar Sakkwato. Baba ya tarye shi tun daga tasha. Gonarmu tana hayin gulbi, sai an shiga jirgi, Malam kuwa bai taɓa shiga ba. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna a tsakiya, ya riƙe gefe da gefe, bakinsa yana motsi. Baba ya karɓi gora da kansa, mahaifiyata tana daga gaɓa tana faɗin a hana shi.

"Malam, saki jirgin, ba ya gudu," in ji Baba.

"Ba jirgin nika tsoro ba, Baba, abin da ke ƙarƙashinai."

"Ruwan ga ko gwiwarka bai kai ba."

Malam ya leƙa, ya ga ƙasa a fili, ya saki hannu ɗaya.

Suka yini a gona suna kallon masu yanka. Da yamma, kafin mu koma gida, Baba ya ce akwai inda za mu. Ya kai mu bayan gari, wani fili mai ƙaya da tsofaffin itatuwa wanda ba a nomawa. Ya ce tsofaffi sun gaya masa nan aka rufe waɗanda suka faɗi a ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen, na gida da baƙi, ba a ware ba.

"Ba ni cewa Abu na nan," ya ce. "Ban sani ba. Amma in yaƙin Argungu yaz zo, nan ya hi kusa."

Malam ya cire takalmansa. Ya fuskanci gabas ya daɗe yana addu'a, Baba a gefensa da hannu a sama. Da ya shafa ya juyo ya ce, "Allah shi saka maka da alheri, Baba. Zan gaya ma 'yan'uwana na zo wurin."

A gida mahaifiyata ta yi tuwon sabuwar shinkafa da miyar kifi. Malam ya zo da niyyar kwana ɗaya, ya yi uku, don maƙwabta da suka ji malami ne suka yi ta kawo masa tambayoyi na gado da na azumi, Baba kuwa yana zaune kusa da shi yana gaya wa kowa, "Baƙona na."

Baba ya ƙara shekara huɗu yana gani da idonsa. Ya koma ɗinkin taru, ya ga kaka huɗu a gonarsa, ya ga ranar da aka sa Adama makaranta. Sau shida ya zo Birnin Kebbi cikin waɗannan shekaru, ba wanda ya roƙe shi. Ya rasu cikin daminar 1990, bayan zazzaɓin kwana uku. Usmanu ya aika wa Malam da asuba, kafin a gama haɗa Baba sai ga Malam ya iso a motar farko, rigarsa jiƙe da ruwan sama. Limamin shiyarmu ta Argungu ya gan shi, ya ja da baya ya ce shi ya shiga gaba. Malam Abdussamadu ne ya sallaci mahaifina.